Daga tashar jirgin Minna zuwa Kuta: abin da mai tafiya a ƙafa ke gani

Yawancin ma'aikatan tarayya da ke zuwa Minna daga Abuja ta cikin gilashin mota suka san garin. Su bar Suleja da safe, su sha fama da ramukan hanya, su ratsa Chanchaga da Tunga, su zarce hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO ko Gidan Gwamnati, ko kuma su hau tudun da tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, ke zaune. Kafin la'asar sun juya. Wanda ya yi haka sau goma zai rantse ya san Minna, alhali kuwa bai wuce zaurenta ba. Gari yakan buɗe cikinsa ne ga wanda ya taka ƙasarsa da tafin ƙafa, kuma a Minna wannan tattakin ba ya cika sai an bi shi har Kuta.

Wurin da ya kamata a fara shi ne tashar jirgin ƙasa, domin daga nan Minna ta zamani ta tsiro. Kafin zuwan Turawa, mazaunin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, a kan duwatsun da ke kewaye da garin na yau. Layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ya ratsa ta nan, ba da jimawa ba kuma layin da ya taso daga Legas ya zo ya haɗe da shi. Mahaɗar ta jawo leburori da 'yan kasuwa da malamai: Hausawa, Nupawa, Yarabawa, Ibo. Yau jirage sun yi ƙaranci, tsatsa ta ci ƙarafa da yawa, amma tsarin garin bai daina bin dogo ba.

Sunayen unguwanni kaɗai sun isa littafin tarihi. Limawa na nuna inda malamai da limamai suka kafa gidajensu. Sabon Gari, kamar takwarorinta na Kano da Zariya, masaukin baƙi ce. Ƙetaren Gwari, wadda ta shahara da garejin makanikai, sunanta na faɗin wanda aka tarar a wurin. Kpakungu, a mashigar hanyar Bida, cunkoson jama'a ce tsantsa, inda masu Keke Napep da 'yan acaɓa da masu tallar ruwan leda ke rabon titi ɗaya. Bosso kuwa ta ɗalibai ce tun da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983. A tafiyar sa'a guda kunne zai ji Gwaranci da Nufanci da Yarabanci da Turancin buroka, amma da zarar an zo ciniki, Hausa ce ke raba gardama.

Mai ƙafa yana ganin abin da rahoton ofis ba ya ɗauka. Zai lura cewa tituna da yawa ba su da gefen masu tafiya, sai dai mutum ya raɓa tsakanin kwata da mota. Zai ƙidaya kurayen 'yan garuwa da safe, ya fahimci halin da famfo ke ciki ba tare da ya tambayi kowa ba. Zai ji ƙarar janareto a shagon tela da na mai aski, a babban birnin jihar da ke alfahari da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Zai kuma ga ayyukan faɗaɗa tituna da gwamnatin Mohammed Umaru Bago ta ɗauko bayan hawanta mulki a 2023, tare da ƙurarsu da rusau ɗinsu, ya auna da idonsa wa suka sauƙaƙa wa, wa kuma suka ture gefe.

Zuciyar yawon ita ce kasuwa. Kasuwar Kure, wadda ke ɗauke da sunan tsohon gwamna Abdulkadir Kure, ita ce babba, amma mai neman ɗanɗanon ƙasar sai ya nufi Kasuwar Gwari. A nan doya take tsibi-tsibi, ana cinikinta ƙwarya-ƙwarya, ga dawa da masara da shinkafa 'yar gida. A nan ne kuma ake cin karo da matan Gbagyi ɗauke da kaya a kafaɗa maimakon a ka, al'adar da suka riƙe saboda girmama kai. Mai lura zai tambayi kansa: daga ina wannan doya take fitowa? Amsar tana rubuce a jikin wani tsohon titi na tsakiyar garin, wanda har yau ake kira Titin Kuta.

Daga nan sai a shiga motar haya, a fita ta Maitumbi, a ratsa Gwada mai babbar kasuwar doya, a sauka a Kuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Shiroro, a sake komawa ƙafa. Kuta tsohon gari ne na Gbagyi, wanda a farkon mulkin Turawa ya ba da sunansa ga gunduma guda, kafin dogo ya karkatar da mulki da ciniki zuwa Minna. Garin ba shi da girman da zai gajiyar da mutum. Cikin yini guda za a zaga kasuwa da sakatariya da tashar mota da unguwannin da ke gindin duwatsu. A wannan ƙaramar hukuma ce madatsar Shiroro take, a kan Kogin Kaduna, wadda aka ƙaddamar a 1990 da ƙarfin megawat 600. Wutar da ke kunna na'urar sanyaya ɗaki a wani ofishi na Maitama na iya kasancewa daga nan ta taso.

Sai dai titunan Kuta na shekarun nan sun cika da baƙin da ba kasuwa ta kawo su ba. Hare-haren 'yan bindiga a yankunan Allawa da Bassa da Erena sun kori manoma daga gonakinsu, da yawa suka fake a azuzuwan makarantun firamare a Kuta da Gwada da Zumba. A watan Afrilun 2021, gwamnan lokacin, Abubakar Sani Bello, ya fito fili ya ce 'yan Boko Haram sun kafa tuta a ƙauyen Kaure, ya kuma yi gargaɗin cewa wurin ba shi da nisa da Abuja. Mutumin da a da yake loda motar doya daga rumbunsa, yau za ka same shi yana dako a bakin kasuwa, 'ya'yansa kuma na kwana a ajin da ya kamata su yi karatu. Duk kunyar doya da ba a tayar ba a ƙasar Shiroro, tana bayyana a farashin kasuwar Wuse da ta Utako bayan 'yan watanni.

Alaƙar Abuja da wannan ƙasa ta wuce ta maƙwabtaka. Rana ɗaya aka haife su, 3 ga Fabrairun 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Neja ta kuma tsayar da sabon babban birnin tarayya, wanda kaso mafi girma na filinsa daga Neja aka yanko shi. Gbagyin da ke Kuta 'yan'uwan waɗanda aka tayar domin gina birnin ne, kuma daga cikinsu Ladi Kwali ta fito, maginiyar tukwanen da hotonta ke jikin takardar naira ashirin.

Ga mai niyyar wannan tattaki, sanyin safiya ya fi, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Minna ke kai maƙura. A bar rakiyar motoci da jiniya a masauki, a sa takalmin da zai jure ƙura, a yi sallama kafin a ɗauki hoton kowa. Kafin a kama hanyar Kuta a tambayi direbobin tasha halin da take ciki a ranar, a kuma dawo da sauran rana. Takardar da za ta iso teburin jami'i gobe, mai ɗauke da sunan Shiroro a layin kasafin tallafi ko na gyaran hanya, ba za ta karantu kamar da ba a idon wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗaya daga cikin azuzuwan nan na Kuta. Hausawa sun ce gani ya kori ji.