KITSE DA GISHIRI: ABIN DA KE GAJIYAR DA ZUCIYA

A garin Gaya ana yawan jin labari irin wannan: mutum ya wuni lafiya a kasuwa, da dare ya faɗi. Wani ya cika nan take. Wani kuma ɓarin jikinsa ya shanye. Sai jama'a su ce iska ce, ko sammu. Amma likitoci sun san cutar. Sau da yawa daga zuciya da jijiyoyin jini take fitowa, kuma abinci yana da hannu a ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18 a shekarar 2019. Babu cutar da ta kai su kisa a duniya.

YADDA ZUCIYA KE AIKI

Manomin shinkafa na Tara ya san injin ban ruwa. Inji yana jawo ruwan kogi, yana tura shi cikin magudanai har gona. Haka zuciya take. Ita ce injin, jijiyoyi su ne magudanai, jini shi ne ruwan. Zuciya tana bugawa wajen sau 100.000 kowace rana, ba hutu.

In laka ta taru a magudana, ruwa ba ya wucewa sosai, shinkafa ta bushe. A jikin mutum, akwai wani maiƙo cikin jini da ake kira kwalastaral. In ya yi yawa, sai ya riƙa mannewa a cikin jijiya, shekara da shekaru, hanya tana ƙuntata. Mutum ba ya jin komai. Ranar da jijiyar zuciya ta toshe, ciwon zuciya ne. In ta ƙwaƙwalwa ce ta toshe ko ta fashe, shanyewar ɓarin jiki ke nan.

WANE ABINCI NE KE KAWO HAKA?

Na farko, mai da kan daskare in ya huce: kitsen rago da na sa, man shanu, romon ganda mai maiƙo. Tsire da balangu da ake zaɓo wa mai kitse suna ciki. Manja mai zuwa daga Benin ba na dabba ba ne, amma kusan rabinsa irin wannan mai ne. Haka kuma man suya da aka soya ƙosai ko kifi da shi sau da yawa har ya yi baƙi, ba shi da kyau.

Na biyu, gishiri. Ƙasar Gaya ƙasar gishiri ce, ga na Fogha da aka sani tun kaka da kakanni. Amma yawan gishiri yana riƙe ruwa a jiki, yana kawo hawan jini, wanda ake kira tansiyo. OMS ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a wuni, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Dunƙulen magi ma gishiri ne mafi yawansa. Kilishi da naman gwangwani suna da gishiri da yawa.

Kanwa 'yar'uwar gishiri ce. A Zariya, cikin shekarun 1970, likitoci sun ga mata masu jego da yawa suna kumburi, numfashi yana yi musu wuya, zuciyarsu ta gaza. Sun lura matan suna shan kunun kanwa sosai, suna wankan jego da ruwa mai zafi ƙwarai. Mai jego ta yi hattara da yawan kanwa.

SHIN A DAINA CIN NAMA NE?

A'a. Nama, ƙwai, nono da kifi suna gina jiki, suna ƙara jini. Yara, mata masu ciki da masu shayarwa su ne suka fi bukatarsu. Amma a gidaje da yawa abin ya juye. Mai gida yana cin tsire a tasha kowane dare, kuma tsokar miya tasa ce. Yaro sai romo. Ga shi mai gidan ya daina noma, yana zaune a shago ko cikin mota. Tumbi ya fito, ana cewa arziki ne. Alhali zuciya ce ke ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta.

GYARA YANA YIWUWA

A ƙasar Finlan, cikin Turai, akwai wani yanki da ciwon zuciya ke kashe magidanta ƙwarai. A 1972 hukuma da jama'a suka tashi tsaye. Suka rage man shanu, gishiri da taba, suka ƙara ganye. Cikin shekara 40, mutuwar magidanta ta ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

Mutanen Gaya ba sai sun je nesa ba. Ga kifin kogin Kwara da Sarkawa ke kamawa, mansa ba ya cutar da zuciya kamar kitse. Ga wake, gyaɗa, gero da dawa. Ga zogale, rama, kuɓewa, yakuwa, mangwaro da gwanda.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. A yanke kitse kafin a dafa nama. Babba ya ci kaɗan, ba kullum ba.
2. A yawaita kifi da wake. Kifin miya ko banda ya fi soyayye.
3. A yi miya da man gyaɗa, shi ma daidai wa daida.
4. A rage gishiri, magi da kanwa. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano.
5. A ba yara da mata rabonsu na nama da ƙwai.
6. A bar taba, a riƙa tafiya da ƙafa.

Hawan jini ba ya sallama. Kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Saboda haka kowane babba, musamman wanda ya kai shekara 40, ya je asibitin Gaya ko likita mafi kusa a auna jininsa, ko sau ɗaya a shekara. Awon ba ya da zafi, ba ya ɗaukar lokaci. In an samu 140 bisa 90 ko fiye, a sake awo, a bi maganar likita. Wanda aka ba magani kada ya daina sha don ya ji sauƙi. Rigakafi ya fi magani.