Baƙin Tsuntsaye a Madatsun Ruwa na Filato: Kasuwar da Ba a Kula da Ita Ba

Daga watan Satumba zuwa Nuwamba, daidai lokacin da shamuwa ke haramar komawa kudancin Afirka, wasu baƙi kan sauka a bakin madatsun ruwa na tudun Jos, kamar Lamingo da Kurra. Tsuntsaye ne daga Turai da yammacin Asiya, waɗanda sanyi da ƙarancin ƙwari ke korowa kowace kaka. Akwai tsattsewa, da shaho mai kamun kifi, da kuma ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a taɓo.

Kafin su iso sai sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, tafiyar kusan kilomita 2,000 cikin rairayi. Saboda haka sukan tara kitse tun a can, har wasu ƙanana su kusan ninka nauyinsu. Suna isowa a rame, abin da suke nema shi ne ruwa mara zurfi. A nan ne Filato, mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, ta yi dace: bayan madatsun, ga ɗaruruwan kududdufai da haƙar kuza ta bari. Da damina ta ɗauke ruwa ya fara ja da baya, sai taɓon gefe ya bayyana cike da tsutsa da ƙwari.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa shi ne, akwai mutanen da ke biyan kuɗin jirgi da na masauki don kallon waɗannan tsuntsaye kawai. Ƙasar Gambiya, duk da ƙanƙantarta, ta daɗe da gane haka. A gadar Kotu, matasa masu tabarau na hangen nesa kan jira Turawa 'yan yawon buɗe ido, suna karɓar ladan rakiya. Mai kallon tsuntsu kan fita da asuba, ya koma da la'asar, ya kuma kwana da yawa a wuri ɗaya, don haka mai otal da direba da mai abinci duk suna samu. Jarin bai wuce tabarau da littafin gane tsuntsaye da ilmi ba.

Ilmin kuwa yana nan. Tun 2001 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis a Laminga, da haɗin gwiwar Jami'ar Jos, kusa da gandun Amurum inda aka ƙidaya kusan iri 300 cikin hekta 300. Binciken cibiyar ya nuna wasu baƙin kan koma ainihin gonar da suka zauna bara, wato mai rakiya yana iya sanin inda zai kai baƙonsa. Har ila yau, a yankin ne ake ganin wani ɗan jan tsuntsu na duwatsu wanda sai a 1998 masana suka tantance shi.

Sai dai akwai cikas. Rikice-rikicen da suka auku a Jos daga 2001 sun rage masu ziyara. Bugu da ƙari, noman rani kan cinye taɓon har bakin ruwa, maganin feshi kuma ya kashe ƙwarin da tsuntsayen suka zo ci. Ba wanda zai ce a hana manomin tumatir ruwa, amma barin wani yanki na gefen kowace madatsa ba noma ba farauta, hukunci ne da hukumar ruwa da masu unguwanni za su iya yankewa ba tare da kashe kuɗi ba.