Me ya sa intanet ke yankewa a kwamfutar cikin kwamfuta idan an yi tafiya?

Matafiya da dama da ke aiki da abin da ake kira kwamfutar cikin kwamfuta kan gamu da wata matsala da zarar sun sauka a otal ko filin jirgin sama: intanet na aiki a ainihin na'urarsu, amma ta cikin ta ƙi buɗe ko da shafi ɗaya.

Wasu kan ɗauka cewa manhajar ce ta lalace, har su goge ta su sake ɗora wata, su yi asarar aikin da suka ajiye a ciki.

Sai dai galibi babu abin da ya lalace. Hanyar da take bi zuwa intanet ce ba ta dace da sabon wurin ba.

Mai masauki da baƙuwa

Kwamfutar cikin kwamfuta wata manhaja ce da ke kwaikwayon cikakkiyar na'ura, ta yadda mai Windows, alal misali, zai iya tafiyar da Linux a cikin wata taga ba tare da ya sayi kwamfuta ta biyu ba.

Ainihin na'urar ana kiranta mai masauki, ta cikin kuwa baƙuwa.

Kamfanin VMware na Amurka ya fitar da irin wannan manhaja ta ƙananan kwamfutoci a 1999. Ita kuwa VirtualBox, kamfanin Innotek na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, kuma tun 2010 take hannun Oracle.

Masu rubuta manhaja, da ɗaliban kimiyyar kwamfuta, da ma'aikatan da ke son ware aikin ofis daga harkokinsu na daga cikin masu amfani da ita.

Hanyoyi biyu

Akwai manyan hanyoyi biyu da baƙuwa ke samun intanet.

Ta farko ana kiranta NAT. A nan baƙuwar na fakewa ne a bayan mai masaukinta, duk saƙon da ta aika da sunansa yake fita. A VirtualBox wannan shi ne tsarin da ake tararwa tun farko, kuma adireshin da baƙuwar ke samu galibi 10.0.2.15 ne.

Ta biyu ita ce tsarin gada, wanda a cikin manhajar aka rubuta shi Bridged. A nan baƙuwar na fitowa ne a matsayin na'ura mai zaman kanta, ta nemi nata adireshin kai tsaye daga cibiyar sadarwar wurin.

A gida ko ofis tsarin gada ba ya cika ba da matsala. A otal kuwa labarin kan sha bamban.

Otal-otal da filayen jiragen sama da yawa kan tare baƙo da wani shafi da ke neman lambar ɗaki ko kalmar sirri, sannan su buɗe hanya ga na'urar da ta cika shi kawai. Baƙuwar da ta zo da adireshi na daban ana iya ɗaukarta na'ura ta biyu da ba ta da izini.

Haka kuma, gadar na ɗaure ne da wata kafa takamaimai. Idan a ofis an ɗaura ta da kafar kebul, a otal kuma aka koma Wi-Fi, to baƙuwar za ta ci gaba da jira a kafar da babu komai a kanta.

Daga waje zuwa ciki

Bincike na farawa ne daga mai masauki. Idan shi kansa bai wuce shafin shiga na otal ba, babu abin da baƙuwa za ta samu.

Mataki na biyu shi ne duba tsarin haɗin. Mayar da shi NAT daga gada, sannan a sake kunna baƙuwar, kan kawo ƙarshen matsalar a lokuta da yawa.

Na uku, a duba adireshin baƙuwar. Idan ya fara da 169.254, alama ce ta cewa ta nemi adireshi ba a ba ta ba, ta raɗa wa kanta.

Na huɗu ya shafi tsarin DNS, wanda ke fassara sunan shafi zuwa lambobi. Baƙuwar da aka dakatar a ofis aka kuma farkar da ita a wani gari na iya ci gaba da neman mai fassarar ofis ɗin.

Ana gane haka idan umarnin ping ya samu amsa daga 8.8.8.8, wato adireshin DNS na Google, amma sunayen shafuka suka ƙi buɗewa. Wasu cibiyoyin kan toshe ping ɗin kansa, don haka rashin amsa kaɗai ba hujja ba ce.

Maganin shi ne a cire kebul ɗin kwaikwayo da ke cikin saitin manhajar a sake jona shi, ko a kashe baƙuwar gaba ɗaya a kunna.

Akwai kuma batun agogo. Baƙuwar da ta daɗe a dakace na iya farkawa da kwanan watan da ya wuce, lamarin da ke sa shafuka masu tsaro su ƙi buɗewa saboda kwanan takardun shaidarsu bai yi daidai da nata ba.

Wani lokacin kuma lambobin da cibiyar otal ke rabawa ne ke cin karo da waɗanda manhajar ta ware wa baƙuwa. Jona kwamfutar da intanet ɗin wayar salula na ɗan lokaci zai nuna ko daga otal ɗin matsalar take.

Batun tsaro

Zaɓin hanya bai tsaya ga samun intanet kawai ba.

Matafiya da yawa kan kunna VPN a kan mai masauki domin ɓoye abin da suke aikawa daga idon sauran masu amfani da Wi-Fi ɗin. A tsarin NAT, saƙonnin baƙuwa galibi na bi ta cikin wannan kariya.

A tsarin gada kuwa sukan kewaye ta, su fita kai tsaye, yayin da mai na'urar ke zaton a rufe yake. Sauran na'urorin da ke kan cibiyar ma na iya ganin baƙuwar.

Ga ɗan jarida mai kare majiyarsa, ko ma'aikaci mai ɗauke da bayanan kamfani, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Wasu manhajojin VPN na kamfanoni kuma da gangan suke toshe duk wata hanya da ba tasu ba, abin da kan yanke baƙuwar. A irin wannan hali, sashen kula da kwamfutoci na wurin aikin ne ya kamata a tuntuɓa, ba a kashe kariyar ba.

Abin da ya fi sauƙi shi ne shiri tun kafin a kama hanya: a mayar da tsarin zuwa NAT, a kashe baƙuwar sosai maimakon dakatar da ita, a adana kwafin muhimman takardu a wani wuri, sannan a gwada haɗin da intanet ɗin waya tun ana gida.