Kukan Mai Neman Shawara

Mun saba jin labarin aikin ba da shawara daga bakin masu yin sa. To, shi mai kawo kukan fa? A shekarar 1970 John Mayer da Noel Timms suka wallafa tattaunawarsu da mutum 61 masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suka nemi taimakon wata ƙungiyar kula da iyali a Landan. Waɗansu masu rikicin aure sun zo ne domin a nuna wa abokin zama laifinsa, amma jami'i sai ya yi ta tambayar abin da ke ransu. Suka ɗauka bai fahimce su ba. Saboda haka wajibi ne tun zaman farko a ji abin da mutum yake tsammani, a kuma bayyana masa hanyar da za a bi.