Zango a Gindin Duwatsun Hijaz: Kwanan Daji a Wajen Mutanen Makka

Da wuya alhaji ya dawo daga Ƙasa Mai Tsarki bai ji sunan Shara Mansur ba. Wani dogon titi ne a yammacin Masallacin Harami, kusa da unguwannin Hindawiyya da Tundubawi, inda shekara da shekaru Hausawa da Barebari da Fulani suka yi kaka-gida, har baƙo yakan ji ana ciniki da Hausa kamar a kasuwar Kurmi. Ko da yake rushe-rushen gine-gine na 'yan shekarun nan sun sāke fuskar wannan yanki ƙwarai, har yanzu sunan Mansur bai rabu da Hausawan Makka ba. To, jawabinmu na yau ba a kan titin kansa yake ba. A kan wata al'ada ce da 'ya'yan wannan wuri suka tashi suka tarar, watau fita bayan gari a kwana a hamada, inda babu gida, babu famfo, babu lantarki, babu kuma mai karɓar kuɗin masauki.

Mutanen Saudiyya suna kiran wannan fita da sunan kashta. Idan sanyi ya shigo, daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris, da yammacin Alhamis sai a ga motoci suna barin gari ɗauke da tanti da darduma da jarkokin ruwa da tukunyar gas. Wasu iyali guda ne, wasu kuwa samari abokan juna. Sukan bar kwalta, su bi sawun mota cikin rairayi har su sami inda ya kwanta musu a rai, su sauke kaya. Nan za a dafa gahawa a ci da dabino, a ɗora shinkafar kabsa, a gasa nama. Abin sha'awa shi ne, gasasshen naman nan mai ƙuli-ƙuli da mutanen Hijaz ke kira siriya, ba wani abu ba ne illa tsiren ƙasar Hausa da ya bi alhazai ya zauna.

Ga Balarabe, kashta tunawa ce da zaman kakanninsa makiyaya. Bahaushen Makka kuwa yana da nasa tarihin da ya fi wannan kusa. Kafin jirgin sama ya yawaita, kakanninsa da ƙafa suka zo, ko bisa jaki da raƙumi, suka keta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya a Sawakin. Tafiyar takan ci shekaru, domin akan tsaya a yi ƙodago a gonakin Sudan a tara guzuri. Bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, jama'a masu yawa suka nausa gabas. Wasu suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu, wasu suka wuce har Makka. Waɗannan mutane sun san zango, sun san salka, sun san yadda madugu ke duban ƙasa kafin ya ce a sauka. Abin da suka yi bisa larura, shi jikokinsu ke yi yau domin hutu.

Ina ake zuwa? Makka tana cikin kwari ne, tsayinta daga teku bai kai mita 300 ba. Amma gabas da ita akwai jerin duwatsun Sarawat, waɗanda suka miƙa kudu har ƙasar Yaman. Wanda ya wuce Arafat ya shiga kwarin Nu'uman zai ga dutsen Kara ya tare gabansa kamar ganuwa. Daga wannan kwari ne Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta sa aka janyo ruwa zuwa Arafat da Makka sama da shekara 1,100 da suka wuce, kuma har yanzu ana ganin kufan magudanar. Hanyar mota tana hawa dutsen a karkace zuwa Hada da Ɗa'ifa, wadda ke bisa tsayin mita 1,800 da wani abu, tafiyar kamar kilomita 90 daga Makka. Kudu da Ɗa'ifa akwai Shafa, inda dutsen Daka ya haura mita 2,500.

Wannan bambancin tsayi shi ne asirin wurin. Masana yanayi sun nuna cewa duk hawan mita 1,000, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Ke nan mutum zai bar Mansur yana gumi, cikin sa'a biyu ya isa Shafa yana neman bargo. Masu son nisa da jama'a kuwa sukan zarce arewa maso gabas, kamar kilomita 250 daga Ɗa'ifa, zuwa ramin Wahba a gefen baƙin dutsen Harrat Kishb. Rami ne mai faɗin kusan kilomita 2 da zurfin mita 250, gindinsa fari fat da wani irin gishiri. Ya samu ne sa'ad da narkakken dutse ya haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, tururi ya fashe ya yi sama da ƙasar. Saukarsa da sauƙi, hawowa ce aiki, kuma jami'an ceto sun sha fito da waɗanda ƙarfinsu ya ƙare a ciki.

Yanzu sai mu zo kan kalmar kyauta. Gaskiya ne ba a biyan ko riyal ɗaya domin kwana ɗaya ko biyu a buɗaɗɗen fili. Wannan yana da tushe a shari'a, domin malaman fiƙihu sun ɗauki ruwa da ciyawa da wuta na daji a matsayin abin da jama'a suka yi tarayya a kai. Amma shari'ar nan kuma ita ce ta san hima, watau makiyayar da hukuma ke keɓewa, kamar yadda Halifa Umar ya keɓe Rabaza. A cikin iyakar Haramin Makka ma, an hana farauta da saran itacen da ya tsiro da kansa tun farkon Musulunci.

A zamanin nan doka ta ƙara tsanani. Yawan masu fita ya sa itatuwan ƙaya irin su samur da ɗalhu, waɗanda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma, suka fara ƙarewa a murhun 'yan kashta. A shekarar 2020 gwamnatin Saudiyya ta fito da sabuwar dokar muhalli, aka sa tarar dubban riyal a kan saran itace da sayar da itacen wuta ko gawayi na cikin ƙasa, da kuma hura wuta a inda ba a yarda ba. Akwai rundunar tsaro ta musamman da ke sintiri domin wannan. Mai son wuta sai ya sayi itacen da aka shigo da shi daga waje, ko ya yi amfani da gas. A 2021 kuma aka yi shelar shirin dasa itatuwa biliyan 10. Har ila yau akwai gandun daji da ba a shiga sai da izini, kamar Mahazat as-Said a gabashin Ɗa'ifa, wanda ya fi murabba'in kilomita 2,000, inda aka mayar da farin barewar nan mai dogayen ƙahoni ta Larabawa bayan ta ƙare a daji. Saboda haka kyauta ce, amma mai sharaɗi.

Haɗarin kuwa iri huɗu ne, kuma na farko zai ba mai sauraro mamaki: ruwa. Baƙo yakan ga kwari mai laushin rairayi da inuwar magarya, ya ce ga wurin kwana. Alhali kuwa kwarin hanyar ruwa ce. Duwatsun Hijaz tsirara suke, ba ƙasa ko ciyawar da za ta shanye ruwan sama, don haka idan hadari ya zuba a can bisa, ruwan yakan taru ya gangaro gaba ɗaya da duwatsu da itatuwa. Yana iya isa ga mutumin da ke barci a ƙarƙashin taurari, wanda ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ambaliyar Jidda ta watan Nuwamba 2009 ta kashe mutum fiye da 120, ita kuwa a cikin birni ne. A 1941 ruwa ya cika Masallacin Harami har wasu suka yi ɗawafi da iyo. Ƙa'idar masu hankali ita ce a kafa tanti a kan tudu, nesa da bakin kwari.

Na biyu ƙishirwa. A cikin zafi mai tsanani jikin mutum yana iya zubar da lita guda ta gumi cikin sa'a ɗaya. A watan Yuni 2024 zafin Makka ya kai digiri 51.8, alhazai fiye da 1,300 suka rasu, ga shi kuwa suna kusa da asibitoci. Balle wanda motarsa ta kafe a rairayi inda wayar hannu ba ta kamawa. Mu a Afirka ta Yamma mun ga misali mai ban tausayi a watan Oktoba 2013, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara daga kudancin Nijar, bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. Su neman abinci ya fitar da su, ba shaƙatawa ba, amma hamada ba ta tambayar dalilin zuwan mutum. Darasin da masu aikin ceto ke nanatawa shi ne: a tafi da mota biyu, a ɗauki ruwa ninkin abin da ake zato, a gaya wa na gida inda aka nufa da ranar dawowa. In mota ta mutu, a zauna kusa da ita, domin mai nema ya fi saurin hango mota a kan mutum. A lardin Makka lambar neman agaji ita ce 911.

Na uku sanyi da abin da yake jawowa. Iskar hamada busasshiya ce, babu gajimaren da zai riƙe ɗumin ƙasa, shi ya sa da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko. Nan ne wasu kan shigar da kaskon gawayi cikin tanti su rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mutum ya kwanta lafiya, ba ya farkawa. Wuta a waje take kwana.

Na huɗu dabbobi. Kunama da kububuwa suna fakewa ƙarƙashin duwatsu, don haka a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa. A hanyar Hada kuma akwai garken birai irin bika, waɗanda matafiya suka saba wa abinci har suka daina tsoron mutum. Haka nan raƙuman da ke ketare hanya da dare sun halaka direbobi da yawa.

To, in haɗarin ya kai haka, me ke fitar da mutane? Wanda ya zauna a Makka ya san ba ta barci. Dare da rana fitilu ne da motoci da miliyoyin baƙi, gidajen talakawa kuwa a cunkushe suke bisa gangaren duwatsu. Ma'aikacin da ba shi da kuɗin otal a Ɗa'ifa yana da kuɗin mai da buhun gawayi. A daji ne yaro ɗan birni zai fara ganin Kaza da 'Ya'yanta a sama sarai, ya koyi gane alƙibla ba da na'ura ba, ya ga yadda ake taimama, ya ji dalilin da ya sa matafiyin da ya wuce mil 48 yake ƙasaru. A bakin wuta ne kuma dattijo kan buɗe baki ya ba da labarin yadda kakarsu ta taso daga Katsina ko Damagaram goye da ɗa.

Mu ma muna da namu duwatsun a hamada. Ƙasar Azbin, arewa da Agadas, tana da dutsen Bagazam mai tsayin sama da mita 2,000, da lambunan Timiya, kuma tun 1991 hukumar UNESCO ta sa yankin Azbin da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya. Rashin tsaro ya hana baƙi sakewa a can, amma ayarin gishiri na Bilma ya daɗe da koya wa mutanenmu ladabin zango. Tsohon madugu ba ya sauka a hanyar ruwa, ba ya ɓata rijiya, ba ya sare inuwar da wani zai sha gobe. Duk wanda ya kiyaye waɗannan, a Hijaz yake ko a Azbin, zai kwana lafiya, kuma wanda ya zo bayansa zai tarar da wurin yadda Allah ya halicce shi.