Ƙarancin jini: awo tukuna, kafin magani

A Maraɗi da Damagaram, mai fama da kasala ko jiri yakan sayi maganin ƙarin jini wurin ƴan talla, wani kuma dangi ke aiko masa da bitamin daga waje. Sai dai ƙarancin jini iri-iri ne. Akwai wanda garkuwar jiki ke far wa tumbi, jiki ya kasa tsotsar bitamin B12. Mai wannan cuta in ya sha asid folik kaɗai, jininsa kan gyaru alhali jijiyoyi na lalacewa: tafin ƙafa ya dinga mutuwa, mantuwa ta shigo. Shan bitamin kafin awon jini kuma yana iya ɓoye wa likita cutar. Maganinta galibi allurar B12 ce, har tsawon rai.