Chelle ya zauna ko ya tafi: Abin da muhawarar gidajen kallo a Boɗinga da Shagari ke tsallakewa

A gidajen kallon ƙwallo na Boɗinga, da majalisun matasa da ke bakin titin da ya ratsa Shagari zuwa Tambuwal, gardamar yau da kullum ta ƙungiyoyin Turai ce: Arsenal, Chelsea, Barcelona, Real Madrid. Amma tun da aka kammala Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka a Maroko cikin watan Janairun 2026, wata gardama ta cikin gida ta kutso kai, kuma ta ƙi kwanciya. Shin mai horar da Super Eagles, Eric Chelle, zai ci gaba da aiki ko zai ƙara gaba? In kuma zai tafi, asara ce ko hutu?

Masu son ya zauna suna da hujja a hannu. Chelle, ɗan ƙasar Mali da aka haifa a Abidjan, ya karɓi ƙungiyar a Janairun 2025 tana da maki uku kacal daga wasanni huɗu na neman gurbin Gasar Kofin Duniya ta 2026. A wasanni shida da suka rage ya samo maki 14, bai sha kaye ko sau ɗaya ba. A Maroko kuma ƙungiyarsa ta kai wasan kusa da na ƙarshe, masu masauƙin baƙi suka fitar da ita a bugun fenariti, sannan ta doke Masar a irin wannan bugun ta ƙare a matsayi na uku.

Masu cewa ya tafi su ma ba su rasa abin faɗa ba. An ɗauko shi ne domin ya kai Najeriya Kofin Duniya, kuma bai kai ta ba. Ranar 16 ga Nuwamban 2025, a Rabat, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da Super Eagles a bugun fenariti bayan an tashi 1-1. Karo na biyu ke nan a jere da Najeriya za ta kalli gasar daga gida.

Duk ɓangarorin biyu sun yi tarayya a zato guda: cewa sakamakon fili ne zai yanke hukunci. Tarihin kujerar bai goyi bayan wannan zato ba.

Kofi ba ya riƙe mai horarwa

Mutanen Shagari na da dalilin tuna ranar 22 ga Maris, 1980. A ranar ce ɗan garinsu, Shugaba Shehu Shagari, ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin Afirka na farko da Najeriya ta ci, bayan Green Eagles ta lallasa Aljeriya da ci 3-0 a Legas. Mai horarwar, Otto Gloria na Birazil, bai daɗe yana cin moriyar nasarar ba: a 1981 Aljeriyar ta hana Najeriya zuwa Kofin Duniya, a 1982 aka fitar da ita tun a zagayen rukuni a Libiya, zamaninsa ya ƙare. Wannan dai an san dalili. Clemens Westerhof na Holan kuwa ya ci kofin Afirka a 1994, ya kai Najeriya Kofin Duniya karon farko a wannan shekarar, amma da Italiya ta fitar da ita a Amurka, shi ma aikinsa ya ƙare a nan.

Labarin Stephen Keshi ne ya fi fito da lamarin fili. Ranar 10 ga Fabrairun 2013 ƙwallon da Sunday Mba ya zura a ragar Burkina Faso ta ba Najeriya kofinta na uku, bayan shekara 19 ana jira. Kashegari, tun kafin tawagar ta baro Afirka ta Kudu, Keshi ya sanar da cewa ya ajiye aiki. Ba a doke shi ba, ba a kore shi ba. Saɓani ne tsakaninsa da jami'an Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, waɗanda yake ganin ba su ba shi goyon baya da girman da ya kamata ba lokacin da gasar ke gudana. Sai da ministan wasanni na lokacin, Bolaji Abdullahi, ya sa baki kafin ya janye. A cikin wannan shekarar ta nasara ya shafe watanni yana bin hukumar albashi. A Oktoban 2014 NFF ta cire shi ta ɗora Shuaibu Amodu, makonni kaɗan bayan haka aka mayar da shi bisa sa bakin Shugaba Goodluck Jonathan, aka ba shi sabon kwantiragi a Afrilun 2015, aka sallame shi a Yulin shekarar. Wanda ya gaje shi, Sunday Oliseh, bai cika wata takwas ba ya yi murabus a Fabrairun 2016, yana kukan rashin biyan albashi da saɓa yarjejeniya.

Haka aka yi da José Peseiro na Fotugal. Ya kai Najeriya wasan ƙarshe a Abidjan ranar 11 ga Fabrairun 2024, Kwaddebuwa ta yi nasara da ci 2-1, kwantiraginsa ya ƙare a ƙarshen watan, ya yi sallama. A lokacin ma an yi ta ja-in-ja a gidajen kallo kan salon wasansa na tare gida, alhali batun da ke kan tebur a Abuja shi ne kuɗi da sharuɗɗan sabuwar yarjejeniya.

Ƙofofin fita uku, kuɗinsu daban

A bakin 'yan kallo, “ya tafi” kalma ɗaya ce. A takarda kuwa hanyoyi uku ne, kuma kowacce da wanda take ɗora wa nauyi.

In wa'adin kwantiragi ya cika ba a sabunta ba, kamar yadda ya faru da Peseiro, babu wanda ke bin wani diyya, sai dai albashin da aka riƙe in akwai. In mai horarwa ya ajiye aiki don raɗin kansa kafin wa'adi, shi ne ya karya yarjejeniya, kuma ana iya neman diyya daga gare shi. In hukuma ce ta sallame shi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ita za ta biya abin da ya rage. Najeriya ta ɗanɗana wannan. A Disamban 2021, makonni kaɗan kafin gasar Afirka ta Kamaru, NFF ta sallami Gernot Rohr bayan fiye da shekara biyar yana aiki. Ya kai ƙara FIFA, kuma a 2022 aka umarci hukumar ta biya shi kusan dala 380,000. Don haka duk mai ihun “a kore shi” a gaban talabijin yana kiran a kashe kuɗi ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai kuma wata taga da ba kowa ya san da ita ba. Tun daga farkon 2021 dokokin FIFA suka ba mai horarwa damar soke kwantiragi da kansa idan aka riƙe masa albashin wata biyu, matuƙar ya rubuta takardar gargaɗi ya ba da wa'adin aƙalla kwana 15. A irin wannan hali, shi ne ya tafi da ƙafarsa, amma hukumar ce za ta biya. Ga hukumar da 'yan wasanta suka ƙaurace wa atisaye a Rabat cikin Nuwamban 2025, kwana biyu kafin wasa da Gabon, saboda alawus ɗin da suke bi, wannan doka ba ƙaramin abu ba ce.

Sai dai FIFA na sauraron irin wannan ƙara ce idan mai horarwar baƙo ne a ƙasar da yake aiki. Rohr na da inda zai kai kuka, Chelle ma haka. Ɗan ƙasa kuwa sai dai ya nemi haƙƙinsa a cikin gida. Masu cewa a bai wa ɗan gida aikin don ya fi araha suna da gaskiya ta wani ɓangare, amma ɗaya daga cikin dalilan arahar shi ne an fi samun sauƙin cin bashinsa.

Abin da ya sami Finidi George ya isa misali. An naɗa shi a ƙarshen Afrilun 2024. Ya yi kunnen doki da Afirka ta Kudu a Uyo, Benin ta doke shi da ci 2-1 a Abidjan, kuma mai horar da Benin a ranar ba kowa ba ne illa Gernot Rohr. Kwanaki kaɗan bayan haka NFF ta ce za ta ɗauko baƙo ta ɗora a kansa. Finidi ya ajiye aiki, bai cika wata biyu ba. A Agusta hukumar ta sanar da naɗa Bajamushe Bruno Labbadia, cikin mako guda ta dawo ta ce maganar ta rushe kan batun haraji. Augustine Eguavoen ya riƙe ƙwarya har zuwa zuwan Chelle.

A nan ne hujjar masu cewa Chelle ya gaza take da rauni. Masu horarwa uku ne suka jagoranci Najeriya a wasanni goma na rukunin neman gurbin Kofin Duniya. Ƙungiyar ta ƙare da maki 17, Afirka ta Kudu da ta wuce kai tsaye tana da 18. Maki tara da aka zubar a wasanni huɗun farko, a gaban Lesotho da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu da Benin, su ne suka tura Najeriya zagayen cike gurbi inda Kongo ta same ta. Ɗora wa mutumin da ya zo daga baya dukan laifin rashin adalci ne, ko da yake shi ma ya zubar da maki biyu a Uyo da Zimbabuwe ta farke ana dab da tashi, kuma da an riƙe wannan wasan da labarin ya sauya.

Hujjar masu son ya zauna ma tana da giɓi, domin son 'yan kallo bai taɓa riƙe mai horarwa ba; Keshi ya fi kowa masoya a Fabrairun 2013. Abin da zai riƙe Chelle ko ya sake shi yana hannun NFF ƙarƙashin Ibrahim Musa Gusau, wanda aka zaɓa a Satumban 2022 na wa'adin shekara huɗu, da kuma Hukumar Wasanni ta Ƙasa da Shehu Dikko ke shugabanta: ko ana biyan albashi a kan kari, ko mai horarwa ne ke da ta cewa kan 'yan wasan da zai gayyata da mataimakan da zai yi aiki da su, da kuma tsawon wa'adin da za a ba shi. Yarjejeniyar shekara biyu da ya sa wa hannu za ta ƙare a farkon 2027, watanni kafin gasar Afirka ta gaba da Kenya da Yuganda da Tanzaniya za su karɓi baƙunci a tsakiyar shekarar.